Sakarin a Zobon da Ke Ɗauke da Sunana

Zuwa ga Hajiya Shugabar ƙungiyarmu ta matan Arewa mazauna Doha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Na so mu yi maganar nan mu biyu, amma kin daina ɗaukar wayata, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Na farko. Lokacin korona ni na yi ta zirga-zirga har na samu izinin sayar da abinci daga gidana a Ain Khalid. An karanta mini sharuɗɗa: duk sinadarin zaƙin da ba sukari ba sai an rubuta shi a jikin kwalba, yana da iyakar da ba a wucewa, kuma ba a sa shi a abin da aka yi don ƙananan yara. Na sa hannu. Ban yi boko mai zurfi ba, amma tun a makarantar allo na san za a tambaye ni alkawari.

Na biyu. Da gasar ƙwallon duniya ta zo, 'yan'uwanmu direbobi da masu gadi a Lusail suka yi ta neman zobo, hannuna bai isa ba. Ke kika kawo shawarar mata su dafa a gidajensu a liƙa takardata a jikin kwalba, tunda ni kaɗai ke da izini. Abu ɗaya na roƙa: sukari kawai, ko dabino. Kika ce in kwantar da hankalina.

Na uku. Ashe an shigo da sakarin, sinadarin zaƙin nan da ba sukari ba, daga can gida Arewa a cikin akwati, ƙulle a leda, ba suna ba awo, ana barbaɗawa da ƙiyasin ido kamar a bakin tasha. Ban sani ba sai da masu binciken abinci suka gwada kwalba. Kafin nan, ni da hannuna na ba jikata 'yar yaye zobon nan a Kornish, wurin shan iska na bakin teku. Wannan ne ke hana ni sukuni.

An dakatar da izinina. An kira maigidana, har kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa a kan takardun aiki, ya ji. Ba na ƙorafi da hukuma, dokarsu suka bi. Abin da ya yi mini ɗaci shi ne, matan da suka zuba abin su ne yau ke cewa an kama Maman Sadiya da algus, ke kuma kin yi shiru.

Roƙona, Hajiya: ki raka ni ofishin masu binciken abincin nan ki faɗi yadda aka yi, ki maimaita shi a gaban mata, sauran ƙullin kuma a zubar.

Sun tambaye ni wa ya dafa, na nemi su ba ni lokaci, don ina so su ji daga bakinki. Za su sake tambaya, kuma kin san ba na ƙarya.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya ba ki ikon riƙe amanar da ke wuyanki.

Wassalam.

'Yar'uwarki,
Maman Sadiya, Ain Khalid