Motar Malam ba ta wuce ba

Laraba, bayan isha'i.

Sai da Yaya Sule, wan mijina Malam, ya nuna mini baƙin man motar a gwangwani, ya yi kauri kamar kwalta, sannan na gane. Tun rasuwar Malam nake tayar da ita kowace safiya in zuba mata ruwa, yadda na ga yana yi. Ashe akwai juye, wato canza baƙin mai. Wannan a Funtua yake yi, ban taɓa gani ba.

Masu duba motoci sun dawo da ita saboda hayaƙi.

"Hajara, in ta sake faɗuwa a wurin dubawa, sayarwa za mu yi a raba gado," in ji Yaya.

Ina takaba, ba halin in je gareji. Carbin Malam yana nan rataye a madubin motar. Har yanzu ba a yi juyen ba.