Na Cire Waya Ɗaya, Ta Ce Allah Ya Warkar Da Idonta

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina. A sakaya sunana. Ni matashi ne, ina aiki a wani ƙaramin poroje, wato shiri na gyaran ƙasa, a Buza, ni ke kula da ordinatar, wato kwamfutar biro, ofishinmu ke nan. Ita kaɗai gare mu, kuma a kanta ake zana taswirar fako da ƙoramu, inda za a jera duwatsu da inda za a dasa itatuwa. Mai zanen wata dattijuwa ce Kirista, bari in kira ta Inna Tabita. Na zo garin ban san kowa ba, ita ta riƙe ni, har yau daga kwanonta nake cin abincin rana.

Bara shef, shugaban aikinmu, ya ce ordinatar ta yi nauyi, in bincika wane kart grafik za a saya, wato allon nan na cikinta mai fitar da hoto a ekiran, gilashin da ake kallo. Na kwashi mujallun Faransanci da wani Bature ya bari na karance su tas. Biyu ake yayi. Na farko don masu zane aka yi shi, shi kaɗai yake aikinsa, layi komai sirantarsa yana fitowa tar, ekiran ba ya rawa. Amma ko a Yamai babu shi, sai an aika Faransa a yi ta jira, kuma tun da aka karya darajar kuɗinmu sefa kayan can sun zama wuta. Na biyu kuwa gudu gare shi, wajen juya hoto mai motsi ya fi na farko nesa ba kusa ba, ga shi jibge a Kano, ɗan kasuwa zai hauro da shi ta Ƙonni ba wata wahala. Sai dai ba ya tsayawa da ƙafarsa. Jingina shi ake yi da tsohon kart ta wata gajeriyar waya, hoto ya ratsa ta cikinsa kafin ya kai ekiran, kuma a nan ƙananan layuka ke dushewa. Mujallar ta faɗi haka ƙarara, ta ce bai dace da aikin zane ba. Na karanta, na gane.

To me ya sa na ce wa shef na biyu ya fi? Wasan tseren mota, jama'a! Wani abokina ya ba ni faifansa, kuma ba ya tashi sai da wannan kart. Ƙato da ni, mai gemu, na sayar da amana don in tuƙa motar ƙarya lokacin hutun rana. Na cika shef da Faransanci, na ce gudu, na ce araha, na ce yana kusa. Da aka kawo, na share tarkacen da suka cika ordinatar ta ɗan yi sauri, shef ya yaba mini.

Ba a jima ba Inna ta fara matse ido. Kullum sai ciwon kai, idanu na ruwa. Ran nan ta kira ni ta ce, "Ɗana, zo duba mini. Kai ma dishi-dishi kake ganin layukan ga, ko idanuna sunka gaji?" Na leƙa, na ga abin da take gani sarai. Na buɗe baki na ce, "Inna, ekiran lahiya lau yake, ni tar nike gani." Ta goge tabarau da bakin zane, ta yi ƴar dariya ta ce, "To tsuhwa ya zo ke nan." Wallahi da rana na ci tuwonta.

Ta shiga mota ta tafi asibitin mishan da ke wajen Madawa. Abin da ban zata ba, lokotoro ya auna ya sami ciwo na gaske, hawan jinin ido. Ya ce mata ciwo ne marar zafi, daga gefe yake cin gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya ba ta maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce kada ta kuskura ta bari. Ta yi ta ɗigawa, amma layukan ekiran ba su washe ba. Ina za su washe? Ta rame, ta fara zancen barin aiki, ƴan majami'arsu suka shiga yi mata azumi da addu'a. Zuciyata ta kasa ɗauka. Wata safiya kafin ta iso na zare gajeriyar wayar nan, na mayar da ekiran kan tsohon kart. Na ce a raina shi ke nan, na gyara ɓarnata ba wanda ya sani.

Ta zauna, ta buɗe taswirar ƙauyen Tabotaki. Sai na ga ta ɗaga hannu sama tana hawaye: "Na gode Ubangiji! Ɗana, ina gani! Ga su nan ɗaya-ɗaya!" Ran Lahadi ta tsaya gaban jama'a ta ba da shaida cewa Allah ya warkar da ita. Ta toya waina ta raba wa duk ƴan biro, tawa ta fi ta kowa yawa. Kuma ta ajiye maganin. Fastonsu ma ya ce ta ci gaba da ɗigawa, ta ƙi. Na lallaɓa na ce, "Inna, ki dai koma wajen lokotoro shi sake dubawa." Ta ce, "Kai da bakinka kac ce ekiran lahiya lau yake. In ba idona yaw warke ba, mi yac canza? Kai ne shaidata."

Yanzu ina zan sa kaina? In na faɗi gaskiya aikina ya tafi, wannan ma da sauƙi. Amma da wane ido za ta kalli mutanen da ta tsaya gabansu tana kuka? Ba za a ce yaron Musulmi ya mai da addininsu abin wasa ba, a garin da muke zaune lafiya? Har na yi tunanin in mayar da wayar a ɓoye, dishi-dishin ya dawo ta koma ga magani. To in sake yi mata wata ƙaryar, ta ɗauka Allah ya ba ta ya karɓe? Tsoro nake ji, kuma na tsani kaina.

Jiya na kai mata shayi, na tsaya dab da ita ta hagu, kofin yana kusa da kuncinta. Tana ta aikinta tana ƴar waƙa. Ba ta san ina wurin ba sai da na yi gyaran murya. Ta zabura ta ce, "Yaushe ka zo, ɗana? Ban gan ka ba."

Idon yana tafiya, ni kaɗai na sani, ita kuwa godiya take yi wa Allah. Don Allah ku faɗa mini, me zan yi?