Saura Bokiti Ɗaya a Barkonon Malam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ki ɓoye sunana. Ban yi boko ba, murya na turo, ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. Don Allah ku ba ni shawara, manoma da masu hankali, kwana uku suka rage mini.

Ni mace ce, na haura hamsin. Ƙauyenmu yana can bayan Mahuta, yanzu ba kowa a cikinsa. Da hantsi aka shigo mana, mijina Malam yana gona, a can aka same shi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Na fito da zanen jikina, da busasshen barkono guda uku da na ƙulle a bakin zanen. Na miyar ranar ne, ba a yi miyar ba.

Barkonon nan ba na kasuwa ba ne. Malam ya gaji irin a wurin babansa, duk kaka shi ke zaɓar waɗanda suka fi ja ya rataye a rumbu da hannunsa. Gajere ne, mai ƙamshi, har daga Danja ana zuwa roƙon iri. Rumbun ya ƙone. Waɗanda muka taɓa ba iri sun watse, ban san inda suke ba.

Yanzu ina Funtuwa wurin 'yata da mijinta, gidan haya, tsakar gida duk siminti. Shekara biyu barkonon yana cikin leda a ƙasan kayana, ban iya kallonsa ba. Bana na fasa shi na ciro irin. Na ɗebo ƙasa a bakin wata gona, na haɗa da toka, na yafa a tsohon baho. Tara suka fito. Na raba su a bokitan fenti tara, na jera a jikin bango. Ban rage ko ƙwaya ba, wannan kuskurena ne na farko.

Surukina mutumin kirki ne, keke napep yake ja. Lokacin da dangin Malam kowa ke ta kansa, shi ya zo ya ɗauke ni. Wata rana ya gamu da ni a hanya da kwanon ƙasa a ka, abin ya dame shi. Washegari sai ga shi da buhu daga wurin masu sayar da furanni, mai sheƙi, da hoton ganye da rubutun Turanci. Ya ce wa 'yata, "Ki gaya wa Inna ta huta, wannan ƙasar haɗaɗɗiya ce, ta 'yan birni."

Yana yanka bakin buhun na ji warin. Taki ne ɗanye da bai gama ruɓewa ba, ga danshi. Na girma a gona, na san irin wannan sai an baje shi a rana kwana da kwanaki, ko a soya shi a tsohon kasko, kafin ya kusanci saiwa. Na sani sarai. Amma a garinmu suruka ba ta gyara wa suruki aiki. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in ya shigo ta nan na bi ta can. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya kwashe rabin ƙasata ya cika bokitan da tasa, ɗaya bayan ɗaya, yana murna. Ina tsaye bayan ƙyaure ina kallo. Abin da na ce kawai, Allah ya yi albarka.

Na yi niyyar kwashewa in ya fita. Sai na ga kullum ya dawo bokitan yake fara dubawa, zai gane. Na bari.

Ba a yi sati biyu ba, in na zuba ruwa sai ƙananan ƙudaje baƙaƙe su tashi kamar hayaƙi. Sai ganye ya fara yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Na taɓa ɗaya, ya biyo hannuna, ba saiwa ko kaɗan. Na sa yatsa na tona, sai ga gwazarma, farar tsutsar nan ta juji, a naɗe, ta yi kaurin ɗan yatsa. Biyar na ciro a bokiti ɗaya, na watsa wa kaji. Na barbaɗa toka, na jiƙa ganyen bedi, darbejiya da wasu ke cewa, na zuba ruwan. Ƙudajen sun ragu, mutuwar ba ta tsaya ba. Takwas sun tafi. Ban yi kuka ba ranar da aka rufe Malam, mutane har sun yi magana. A kan bokiti na takwas na yi.

Saura ɗaya, na ƙarshen layi, wanda buhun ya kusa ƙarewa kafin a kai gare shi. Ya yi fure, har da 'ya'ya biyu kore ƙanana. In ya kai su yi ja, na samu iri. Jiya na ga ganyensa na ƙasa ya sunkuya.

Na je shagon maganin gona a kasuwa. Mai shagon ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, barkono tushe ɗaya? Zo in auna miki mudu a nan baya." Na ce ba mudu na zo nema ba. Sai ya miƙo mini maganin feshin auduga, wai in tsiyaya a gindin. Na taɓa ganin irinsa ya ƙone yafin barkono ƙurmus a garinmu, ga jikoki ga kaji a tsakar gida. Na ajiye masa kayansa. Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce in tumɓuke shi, in wanke saiwar, in mayar a soyayyar ƙasa. Amma barkonon da ya yi fure in aka taɓa saiwarsa zubar da komai yake yi, wannan ma na sani.

Ga babbar damuwar. Surukina ya ɗauka ƙasar ce ta yi kaɗan shi ya sa suka mutu. Ya sake kawo wani buhun, irin wancan. Ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai canza wa na ƙarshen ƙasa gaba ɗaya, in sha Allahu wannan ba zai mutu ba. Na ce wa 'yata ta gaya masa gaskiya, ta ƙi. Ta ce in ya san shi ya kashe barkonon babanta ba zai ƙara iya haɗa ido da mu ba, kuma me ya hana ni magana tun ranar farko. Na ce kunya. Ta ce to kunyar ce ta cinye takwas, ba tsutsa ba. Na ce ta iya bakinta. Ta ce, "Inna, Baba ba ya cikin bokiti." Tun shekaranjiya gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Na san ba ya cikin bokiti. Amma ba ni da kabarin da zan iya zuwa, ba ni da hotonsa, rigarsa ma ban fito da ita ba.

To jama'a, abu biyu nake tambaya. Wanda ya san yadda ake fitar da gwazarma daga bokiti ba a taɓa saiwa ba, ba a zuba guba ba, ya faɗa mini dalla-dalla, za a karanta mini. Na biyu, iyaye mata, da wane baki zan tare yaron da ya rufa mini asiri in ce masa kyautarsa ce ta yi ɓarnar nan, ni da ban taɓa yi masa magana ta wuce gaisuwa ba? Ko in yi shiru irin na ranar farko?

Yau Talata. Buhun yana bakin ƙofa, na kifa masa turmi.