Takun Auta Ya Yi Shiru

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara, ya ƙara muku kwanciyar hankali a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gajiya. Umma jikin da sauƙi, ƙafafun sun daina kumburi, amma idon kam ya ƙara ja baya. Yanzu da ƙyar take rabe taga da bango, likita kuma ya ce sai lallaɓawa. Ɗiyar Auta ta fara tafiya, ba abin da ta bari a kan tebur. Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. In na kira, Umma tana jin komai ko daga ɗaki na uku ne, maganar kuwa a kanta take.

Kin tuna ƙafar robar da aka sa wa Auta bayan hatsarin motar nan, da aka yanke masa daga ƙasan gwiwa. Diddigenta tauri gare shi kamar icce. Duk takun da ya yi, bugun yakan haura har ƙugu da gadon baya, in ya dawo daga shago sai ya kwanta rub da ciki a tsakar falo, matarsa tana gasa masa bayan da tawul. Ni kuwa ga ni ina aiki a inda ake ƙera ƙafafun roba da tafin ƙafar mutum-mutumi, ƙanena yana nishi a gabana. Abin ya tsaya mini a rai, har na roƙi Oga ya bar ni in gwada sabon matashin diddige, wanda zai shanye bugun kafin ya kai jiki.

Yaya, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba. Wata ƙawata likitar dabbobi ce ta kira ni ranar da wani raƙumi ya mutu a hannunsu, muka ɗora ƙafarsa a kan tebur ta tsaga mini tafin, in ga abin da ke shanye masa bugun taku. A ƙarƙashin fatar akwai kitse mai laushi a naɗe, in an danna ya baje, in an saki ya tattaro kansa. Warin ya kama mayafina, a motar haya kowa ya matsa ya ba ni wuri kamar wata hajiya. Magen maƙwabta ma ba ta tsira ba, na yi ta ɗaukar hoton dirowarta daga katanga ina kallo a hankali, har maigidansu ya tambayi Auta ko lafiyata ƙalau. Daga nan sai zuba roba a mazubi, a bar ta ta daskare, a sa a injin da ke dukanta wuni guda. Wata ta fashe, wata ta lanƙwame kamar tsohon matashin kai, wata kuma laushin ya yi yawa har Auta ya ce kamar a kan katifa yake tafiya, jiri na ɗibarsa. Fatar yatsuna duk ta saɓule. Sai da na yi wa cikin robar ƙananan ɗakuna irin na saƙar zuma, na cika su da roba mai laushin, sannan abu ya zauna. Oga ya sa wa mutum-mutumin nan mai ƙafa huɗu da ke hawa bene a masana'anta irin matashin, sai ya daina karkarwa, ya daina fasa tayil, aka yi ta tafi ana yi mini barka.

Ranar da Auta ya sa tasa sabuwar ƙafar mai matashin, ya sauka matakalar gidanmu ya sake hawowa, ya tsaya yana shafa bayansa yana dariya. Kin san halinsa, ko na gode bai ce ba, cewa ya yi yanzu zai iya satar nama a tukunya ba wanda ya ji. Rabon da in ga ya miƙe sosai haka tun kafin hatsarin. Na ce to, yau zan huta.

Ba a jima ba Umma ta canza. Ta rage magana, ta rage cin abinci, motsi kaɗan sai ta zabura. Wata safiya Auta ya kai mata shayi tana zaune a kan sallaya, ya yi magana a daidai kafaɗarta, ta firgita ta buge kofin, ya zube mata a hannu. Ƙunar ba ta yi yawa ba, ta warke. Amma da matarsa take shafa mata magani, sai Umma ta tambaye ta ko wani laifi ta yi wa Auta, don ya daina leƙo ta. Ta ce da, tun daga ƙofar gida take jin sa, ta bi shi da kunne har ya gama hawowa, daga takun take gane ko ya gaji, ko an yi ciniki, ko ransa a ɓace yake. Yanzu gida ya cika da inuwoyi, ba ta san wa ke wucewa ba. Shi kuwa bawan Allah bai fasa komai ba, kullum sai ya tsaya a ƙofarta, in ya ga tana jan carbi ya wuce don kada ya katse ta.

Tun da maganar ta kai kunnensa, in ya dawo sai ya zauna a bakin ƙofar gida ya cire sabuwar kamar mai cire takalmi, ya ɗaura tsohuwar, sannan ya hau bene da ita. A bene kuwa aka fi cutuwa. Ciwon bayan ya dawo, tawul da ruwan zafi sun dawo. Na yi masa faɗa har muryata ta dushe, ya ce gara bayansa ya yi ciwo da ya sake ganin Umma ta zabura saboda shi. Na je wa Umma da maganar a hankali, ta ce ita ba ta ce kowa ya canza komai ba, Allah ya ba shi lafiya, ta juya fuska bango. Na rataya masa makullai a ƙugu, ta ce makulli ai kowa na da shi, har mai gyaran famfo.

To kin ji inda nake. Ni da na ƙare ƙarfina wajen kashe ƙara, yanzu zaune nake a wurin aiki ina neman yadda zan mayar da ita. Abokan aiki suna ta zolayata, ni kuma na ce musu su gode wa Allah mutum-mutuminsu ba shi da uwa. Na manna ɗan ƙarfe a gefen diddigen, inda zai taɓa ƙasa ya yi ƙara ba tare da ya ɗauki nauyi ba. Da Auta ya taka a gabanta, sai ta tambaya wace baƙuwa ce ta shigo mana da takalmi mai tsini. Na canza zuwa katako. Jiya muka sake gwadawa, ta karkata kai tana saurare har ya kai ƙarshen baranda ya dawo. Sannan ta ce ya yi kusa, amma ɗanta yakan ɗan ja ɓangaren robar kafin ya sauke. Yaya, ɗingishin take nema. Shi ne abin da ke cinye masa baya, shi ne kuma abin da ba zan mayar ba ko da zan iya.

Don Allah ki kira Auta a shago, ba a gida ba, ki sa shi ya riƙa hawa benen da sabuwar, ya kuma riƙa yin sallama da ƙarfi tun daga ƙasa. Ke yake jin nauyi, ni ya maishe ni abokiyar wasa. Umma kuma ki lallashe ta yadda kika saba, ki nuna mata sabon takun ma nasa ne, in ta ba shi lokaci kunnenta zai riƙe shi. Ni bakina ya gaji.

Ki gaishe mini da maigidan, da babbar ɗiyata mai sunan Umma, da 'yan biyu, ki ce musu ina sane da alkawarin hoton mutum-mutumin. Kawu da Gwaggo suna gaishe ki, matar Auta ma ta ce in isar da tata gaisuwar ta musamman. Ki sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, mai bi miki.