Rasuwar Baba Dogo da Kwaɗon da Aka Sa wa Shagonsa

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Naɗin Koyil da Gyaran Injin Ruwa tana sanar da Mai Girma Gwamna, da Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jiha, da masu girma 'yan majalisa, da iyalai da 'yan uwa da sauran jama'a, cewa ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya kuma shugabanta na farko, dattijon arziki, malaminmu a wannan sana'a, wanda babba da yaro suka sani da Baba Dogo. Allah ya karɓi ransa da safiyar Asabar, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara saba'in da takwas. Ya bar maiɗakinsa da 'ya'ya shida da jikoki.

Ni kakakin ƙungiya, da gangan na sa masu girma a sama. Shekara tara ke nan ina hawa matakalar ofishin kwamitin sana'o'i na majalisa da takarda a hannu, gwiwar nan tana ƙara, ana ce mini shugaba ya fita, shugaba yana taro, Baba ka dawo jibi. Ban yi boko ba, amma na san takardar da aka karanta, na kuma san wadda aka ɗora kofi a kanta, don ta ƙarshen da na kai, da na koma na same ta da zoben shayi a tsakiya. Sakatarenmu, wanda yake rubuta wannan daga bakina, ya ce irin wannan magana ba ta shiga saƙon ta'aziyya. Na ce masa rubuta. Takardar mutuwa dai ana karanta ta.

Marigayi ya yi shekara hamsin da biyar a kan benci ɗaya, a shago na uku daga kan kwana, mai gajeriyar ƙofar nan da kullum sai ya sunkuya kafin ya shiga. In aka kawo masa injin da ya soma ciwo, ba ya saurin kwancewa. Sai ya kunna shi, ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kara mariƙin a kunne, ya rufe ido, sannan ya faɗi abin da ke damunsa. In kuwa injin ya ƙone ne, hancinsa ya ishe shi. In ya zauna naɗin waya ba a gaishe shi, don kada zagayen ya ɓace masa, ko surukinsa ne ya zo sai ya nemi wuri ya jira. Fankar asibiti, injin niƙa, injin da ke ɗaga ruwa zuwa tankin makaranta, duk sun bi ta hannunsa. Mutum sama da sittin ya koya wa sana'a, da yawansu yau da iyali. Bai taɓa tilasta wa kowa ya kawo masa aiki ba. Yakan ce mai injin yana da ƙafa, in ka cuce shi shago na gaba zai je, kuma ba zai tafi bakinsa a rufe ba.

Babbar hidimarsa ga ƙungiya kuwa ita ce wadda muka ƙi karɓa, kuma dole in faɗa, ko da ni ma ta shafe ni. Shekara tara da suka wuce manyan dillalai masu sayar da sababbin injina suka tara mu a ɗakin taro, suka raba lemo, suka ce za a kai ƙudirin doka majalisa, babu mai taɓa inji sai mai lasisi. Suka ce sababbin shiga sun yi yawa, suna karya mana farashi. Maganar ta yi mana daɗi. Da aka ce a ɗaga hannu, ɗakin nan kaf ya ɗaga, har da ni. Dogo kaɗai ya cusa hannayensa a hammata. Ya miƙe ya ce, "Mai fanka ne ya kai ƙara, ko ku? Yau kuna so gwamnati ta kore muku waɗanda suka fi ku sauƙi. To, in ta gama da su, wa kuke tsammani za ta juyo ta kalla?" Ni na ba shi amsa. Na ce, "Dogo, zauna, tsawo har rufi amma zuciya ta kaza." Aka yi dariya. Bai taɓa tuna mini ba, ni kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba, ga shi ya tafi.

Da dokar ta fito, sai ga hukumar ba da lasisi, rabin kujerunta na dillalan nan ne. Jarrabawa a rubuce, awa uku, babu inji ko ɗaya a ɗakin. Mu tsofaffi arba'in da ɗaya aka ba mu wata takarda mai launin rawaya, wai rangwame, muka yi ta godiya. Sai daga baya aka karanta mana layin ƙasa: takardar ta mai sunan ce shi kaɗai, ba a gadonta, ranar da ya mutu ta mutu. Yau saura mu tara. Duk wanda muka binne, shagonsa muka binne tare da shi. Mai injin da ya lalace yanzu ko ya sayi sabo a hannun waɗanda suka rubuta dokar, ko ya bi lungu ya kai wa mai gyaran ɓoye a bayan gida, inda in an ƙona masa ba shi da bakin magana.

Ba mu ce masu dokar ba su da hujja ko ɗaya ba. Sun ce mugun naɗi yana jawo gobara, kuma gaskiya ne, mun ga hakan. Marigayi bai taɓa musu ba. Abin da ya roƙa a duk zaman jin ra'ayin jama'a shi ne, wanda ya ƙona wa mutum gida a hukunta shi, in kuma gwaji ake so a ba mutum inji da waya a gani. A zaman bara da kansa ya saɓo fanka biyu ya ajiye a gaban masu girma, ɗaya naɗin mai lasisi, ɗaya naɗin ɗansa, ya ce a kunna su a bar su har a tashi, sannan kowa ya taɓa ya ji wadda ta yi zafi. Shugaban kwamiti ya dubi agogo ya ce minti biyun Baba sun cika. Ko soket ba a nuna masa ba.

Jama'a su san abin da ya biyo bayan rasuwar. Kwana biyu da binne shi, mutum uku daga hukumar suka zo gidan. Suka zauna, suka yi gaisuwa da ladabi, maiɗakinsa ta sa aka kawo musu ruwa. Da suka sha, babbansu ya ce, "Mama, Allah ya ba da haƙuri. Takardar nan ta Baba muka zo karɓa." Daga nan shago suka wuce, suka sa kwaɗo. Babban ɗan marigayi, wanda muke kira Ƙarami tun yana goye ga shi yau da furfura a gemu, yana tsaye yana kallo. Shekara ashirin da shida yana naɗi a gefen ubansa, tun da idon Dogo ya raunana ma shi ke yin aikin duka. Sau biyu ya zauna jarrabawar, sau biyu alƙalami ya kayar da shi. Gida uku ne ke ci daga wannan benci.

Tun ranar kuma babbansun nan yana bi ta layinmu da safe, da wata takarda a naɗe a hannu. Ba ya cewa komai na laifi. Yakan tsaya a ƙofata ya ce, "Baba, ya ƙarfin jiki? Na ji kana tari." Jiya ya tambayi Mai Gilashi, ɗaya daga cikin mu taran da suka rage, wanda ya girme ni da shekara biyu, ko har yanzu yana zuwa asibiti. Mai Gilashi ya ce masa, "Ɗana, kwantar da hankalinka, in lokaci ya yi za a aiko maka." Babu wanda ya yi dariya.

Mun kuma ji ranar Alhamis majalisa za ta yi karatu na ƙarshe a kan gyaran dokar, a shigo da masu gyaran firiji da masu gyaran keken ɗinki, a kuma sa ɗauri ga wanda aka kama yana aiki babu lasisi. An ce su ma an tara su an raba musu lemo. 'Yan uwa, ku zo layinmu ku ƙirga ƙofofin da ke rufe kafin ku ɗaga hannu.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakin marigayi, uwarmu baki ɗaya, da 'ya'yansa da jikokinsa da dukan almajiransa na sana'a. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alheri a kan gaskiyar da ya faɗa mana muka yi masa dariya. Allah ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi da na abin da ke tafe bayansa.

Mai Girma Kakakin Majalisa, Mai Girma Shugaban Kwamiti, a cikin shagon nan da aka kulle akwai injinan mutane guda bakwai. Ɗaya na gidan marayu ne, an gama naɗinsa saura ɗaurewa, har yau da bokiti suke ɗibar ruwa. Ƙarami ya ce mini ranar Juma'a da safe zai karya kwaɗon ya ƙarasa aikin ubansa. Na hana shi, bai ji ba, kuma na san jinin da ke jikinsa. In kun zartar da dokarku ranar Alhamis, shi ne mutum na farko da za ta kama. Zan zo majalisa ranar, zan zauna a kan matakala ta farko, don gwiwata ba ta kai ni sama yanzu. Ba masinja nake so ba, ba kuma akawu ba. Ɗayanku ya sauko ya dube ni, ya gaya mini abin da zan faɗa wa uwar yaron nan: ɗanta ya ci da sana'ar hannunsa, ko ya shirya kayan gidan yari? Ku amsa mini.

Sa hannu,
Kawu Na-Ƙi
Kakakin Ƙungiyar Masu Naɗin Koyil da Gyaran Injin Ruwa