Sakin Layin da Baba Ya Ƙara

Kebbe,
8 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwaggonki Zulaihat da duk mutanen gidanta a Tambuwal. Yaya aiki a ofishin ƙungiyar manoma? Nan lafiya lau, sai dai ruwa ya ƙi ɗaukewa, hanya kuma ta koma yadda kika san ta.

Malami direba ya kawo mini ambulan ɗinki shekaranjiya, a jiƙe ta gefe ɗaya, wai laifin ramukan hanya ne. Na shanya takardun a kan tabarma, sannan na karanta. Ashe wannan ne rubutun da makarantar kasuwanci ta Legas take nema kafin ta ɗauke ki digiri na biyu, mutum ya faɗi burinsa na aiki cikin kalma ɗari biyar, ina zai kai bayan shekara biyar, ina zai kai bayan goma. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci, ban taɓa jin inda ake cewa ɗalibi ya yabi kansa a ba shi maki ba. Na ƙirga, sau ashirin da bakwai kika ce "ni", ko sau ɗaya babu in sha Allah. Da kakarki Hinde tana raye, wadda kika ci sunanta har na kasa kiran ki da shi, da ta sa an yi miki addu'ar tsari daga bakin mutane.

Turancinki ba laifi. Na bi da jan biro na gyara wuri tara, biyu daga ciki don dai kada ki ce tsohon ya manta aikinsa. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda kika ba da labarin tsayawarki a kasuwar Tambuwal kina yarinya, kina kallon manyan motoci ana loda musu gero da wake za su kudu, kina tambayar kanki ina suke sauke kayan, wa yake yanke farashi a can, don me manomi ne kaɗai bai san amsar ba. Ban san kina irin wannan tunanin ba, ni da nake zaton rake kawai kike jira in saya miki. Kada ki taɓa wannan wurin.

Sau huɗu na karanta shi. Ba wuya gare shi ba, abin yi ne ba ni da shi. Tun da na ajiye aiki, mahaifiyarki Lauratu kuma ta rasu bara waccan, babu wanda ya kawo mini ko takarda ɗaya ya ce in duba. Na ji daɗi da kika tuna da ni.

Na ga Legas a ciki, na ga Kwatano, na ga kamfanin jigilar hatsi da kike son kafawa. Akwai wani abu da ban gani ba, amma bari in ƙara tunani a kai.

Ki gaida gwaggonki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sirajo Na'iya.


Kebbe,
15 ga Satumba, 2024.

Uwata,

Sallama da gaisuwa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya murar da kika ce ta kama ki? Ni ma ƙafar nan tana ɗan taɓa ni, amma ina zuwa masallaci da kaina.

Abin da na ce zan yi tunani a kai ga shi. Na ji ana cewa irin waɗannan makarantu sun fi son wanda ya ce zai koma garinsu ya amfani mutanensa, ba wanda zai shige birni a daina jin ɗuriyarsa ba. Rubutunki kuwa tun daga sama har ƙasa babu sunan Kebbe ko sau ɗaya, sai ka ce daga sama kika faɗo cikin kasuwar Tambuwal. Masu karantawa za su lura.

Saboda haka na rubuta miki sakin layi ɗaya, yana haɗe da wannan wasiƙa. Cewa yake in kin gama karatu za ki dawo Kebbe ki buɗe wurin ajiyar hatsi na zamani, manoma su riƙa ajiye amfaninsu maimakon su sayar da shi a wulaƙance lokacin kaka. Kin san ana buƙatar haka. Filin bayan gidanmu yana nan ba abin da ake yi da shi sai kiwon awakin maƙwabta, ɗakin mahaifiyarki kuma zai yi ofis in an share shi. Har na auna filin da ƙafa jiya da hantsi, baffanki Mannir yana tambayata ko sayarwa zan yi.

Kada ki ɗauka don kaina nake faɗa. Ni ba abin da na rasa. Daga gidan baffanki ake aiko mini da tuwo safe da yamma, ina ci ina sauraron rediyo, in an gama labarai in kashe. Shawarar malami ce kawai, don a ɗauke ki.

Ki duba ki gani. Ina yi miki fatan alheri.

Mahaifinki,
Sirajo.


Kebbe,
23 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin tashi lafiya, gwaggonki ma haka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, a gaggauce nake yi don Malami yana tasha yana jiran motarsa ta cika, kuma na san ranar Jumma'a za a rufe karɓar takardunku.

Sabon rubutun ya iso jiya. Na ga kin sa sakin layin nawa, ba ki canza ko kalma ɗaya ba. Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba, har na tashi na sake leƙa filin. Da na dawo na zauna in karanta daga farko, sai na nemi motocin kasuwar Tambuwal na rasa. Na juya takardar, na duba cikin ambulan ko shafi ne ya faɗi. Daga baya na gane, kalma ɗari biyar aka ce, nawa ya ci tamanin, dole wani abu ya fita, kika fitar da wurin da ni da kaina na ce kada ki taɓa.

Sannan na ga abin da kika rubuta a ƙasa da fensir: "Baba, na sa. Kuma ka san ni, abin da nir rubuta shi nika yi."

Na san ki kuwa. Ni na ɗauka magana ce ta takarda, a karanta a Legas a ajiye. Ke kuma alkawari kika ɗauke ta. Za ki je, za ki fi kowa ƙoƙari, sannan ki tattara kayanki ki dawo Kebbe ki zauna gadin buhuna a bayan gida, ba don kina so ba, don wani tsoho ya rubuta miki haka da hannunsa. Ba za ki taɓa yi mini gori ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni.

Na yi miki ƙarya a wasiƙar da ta wuce. Wataƙila gaskiya ne makarantun suna son mai komawa gida, ban sani ba, a bakin wani malami na tsinta a majalisa. Amma ba don su na rubuta ba. Don kaina na rubuta. Gidan nan ya yi mini girma, Uwata. Akwai ranar da tun daga sallar asuba har azahar ba na furta kalma sai in na kori kaji. Tambuwal da take nan kusa ma sai in yi wata ban gan ki ba, balle Legas. Da na karanta burinki na shekara goma ban ga inda nake a ciki ba, sai tsoro ya kama ni, na fake da aikin malanta. Ban taɓa rubuta wa ɗalibi amsa ba duk tsawon aikina, sai a kan ɗiyata na fara, kuma na ji kunya.

Ki cire nawa gaba ɗaya. Ki mayar da motocinki inda suke, ki bar Kwatano da duk "ni" ɗinki ashirin da bakwai. In sha Allah ɗin ni zan riƙa faɗa miki daga nan. Alkawarin da kika yi da fensir kuma na yafe shi, ba ni da haƙƙinsa tun farko. In wata rana kin ga dama kin dawo Kebbe, ki dawo don ke kika so.

Roƙo ɗaya nake yi. Kada ki kira ni a waya kan wannan magana kafin Jumma'a, domin in na ji muryarki ban yarda da kaina ba, zan iya cewa ki bar shi. Ki tura musu tukuna, sannan ki kira.

Allah ya ba ki sa'a, ya tsare ki duk inda za ki.

Ni ne mahaifinki,
Sirajo Na'iya Kebbe.