Ku Duba Ɗinkin Salansar Malam Haruna

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran babura da walda, Unguwar Shanu, tare da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Shugaba yana lafiya, shi da iyali da sauran abokan sana'a, ina neman afuwa da na fito da maganarmu ta cikin gida gaban jama'a. Sau uku ina zuwa rumfarka ana ce mini ka fita. A zuwa na ukun babur ɗinka yana jingine a ƙofa, na taɓa injin na ji shi da ɗumi.

Ni ne Isiyaku mai walda, wanda kuke kira Bahago. Shekara ashirin da ɗaya ina ƙarƙashin dalbejiyar nan ta ƙarshen layi, kuma mafi yawan aikina salansa ne. Saboda waɗanda ba su san abin da ya faru ba, ga shi a taƙaice. Mako biyu bayan ƙaramar salla, Malam Haruna mai makarantar allo a Kurmin Mashi ya goyo matarsa Hajara daga awon ciki. Murfin ƙarfen da ke kare ƙafar wanda aka goya babu shi a jikin salansar. Ƙafarta ta manne da ƙarfe mai zafi, ta zabura, suka faɗi. Allah ya tsare cikin, amma ta ƙone daga idon sawu har sha-raɓa, kuma har yau ba ta taka ƙafar ba. Kwamiti ya zauna ina Malumfashi wajen rasuwar yayana. Aka juya salansa, aka ga ɗigo uku, alamata, aka yanke cewa ni na cire murfin. Na dawo na tarar an zagaye wurina da igiya, an dakatar da ni wata shida.

Ga abin da zan faɗa da an jira ni.

1. Alamar tawa ce, ban musa ba. Mu muka kawo al'adar nan a layin, cewa duk wanda ya yi walda ya buga alamarsa da ƙusa, domin in aiki ya dawo a san mai shi. Ina cikin waɗanda suka dage a kai, har wasu suka ce na cika tsurku. Amma ɗigo uku abin da suke cewa shi ne salansar ta taɓa biyowa ta hannuna. Ba su ce ni na taɓa ta a ƙarshe ba. Kafin damina Malam ya kawo mini ita ta huje wajen wutsiya. Na toshe, na mayar da murfin da sababbin noti biyu, na girgiza shi a gabansa ya ga ba ya motsi.

2. Tun da kayan kamfani suka fi ƙarfin talaka, salansar da ake sayarwa a kasuwa ba irin ta da ba ce. Tana da ƙyalli, amma ƙarfenta bai fi gwangwanin madara kauri ba. Ta da, in baƙin mai ya toshe ta, sai a jefa ta cikin wuta ta yi jawur, a bubbuga, dattin ya zube. Wannan kuwa in ta shiga wuta sau ɗaya ta gama yawo, wuyanta zai tsage ko ba yau ba. Shi ya sa nake jiƙa ta a kananzir ta kwana, in zura tsohuwar wayar birki in yi ta sakace ta har iska ta wuce. Aikin yana cin lokaci, masu gaggawa sun sha barina su tafi gaba. Salansar Malam da ke ajiye a ofishin ƙungiya, na leƙa ta taga na ƙare mata kallo: rabinta ya yi shuɗi. Wuta ta sha, kuma ba a wurina ba.

3. Ɗinki biyu ne a jikinta, ba ɗaya ba. Nawa yana wutsiya. Na biyun yana kusa da wuya, daidai inda murfin yake zama. Wanda ya yi shi bai kwance salansar daga babur ba. Notin sun cije, ya ga zai ɓata lokaci, sai ya yanke kunnuwan da ke riƙe murfin don ya kai ga tsagar, ya yi waldarsa a tsaye, ya sallami mai babur. Shaidar tana jikin babur ɗin: robar matakin ƙafa ta narke ta gefe guda, fentin da ke kusa ya babbake. Ni kuwa duk layin nan an san ba na kunna wuta kusa da tanki. Har dariya ake yi mini, wai Bahago sai ya kwance babur kaf kafin ya toshe hujin allura. Waɗanda suka fi kowa wannan dariya suna zaune a kwamitin da ya yanke mini hukunci.

4. Wannan ita ce babbar maganata, Shugaba, kuma kai mai walda ne kafin ka zama shugaba. Ɗinkin walda yana kwanciya kamar ɓawon kifi, kuma yana nuna inda hannu ya taso da inda ya nufa. Salansar tana gefen dama na babur. Mai aiki da hannun dama, in ya durƙusa a wannan gefe, daga gaba zai taso ya yi baya. Bahago daga baya zai taso ya yi gaba, ba shi da wata hanya. Ɗinkin wuyan nan daga gaba ya taso. A cikinmu masu walda goma sha ɗaya a layin, ni kaɗai ne bahago.

5. Malam Haruna da bakinsa ya gaya wa kwamiti cewa babur ɗin ya yi damina cur a hannun ƙaninsa yana acaɓa da shi. Ba wanda ya aika a kira ƙanin a tambaye shi inda ya kai gyara. An ga alama, an ga mai alamar ba ya gari, magana ta ƙare kafin la'asar.

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba, domin ban gani da idona ba. Wataƙila ma ba a layinmu aka yi aikin ba. Abin da aka yi mini ne ba na so in yi wa wani.

Wata shida ba aiki abu ne mai nauyi ga mai iyali tara, amma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Malam Haruna shi ya koya wa 'ya'yana huɗu karatu, shi ya raɗa wa autana suna. Da na dawo daga Malumfashi ban ko sauke jaka ba na nufi gidansa dubiya. Ya amsa sallamata daga ciki, bai fito ba. Maiɗakina ta dama kunu ta kai wa Hajara, aka dawo mana da kwanon yadda ya tafi. Ban ga laifinsu ba. Ƙungiyar masu sana'a ce ta zauna ta ce ga wanda ya ƙona masa mata, to wa zai gaskata? Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina jin kunyar bin titin Kurmin Mashi, ni da ban yi komai ba.

Don haka ina roƙon abu uku. A fito da salansar da babur ɗin a ajiye su a tsakiyar layi da rana tsaka, kowane mai walda ya zo ya duba ɗinkin, kuma a gayyato Malam Haruna ya tsaya a wurin. In dattawa suka duba suka ce hannuna ne, ni da kaina zan kwashe kayana daga gindin dalbejiya, ba sai an sa igiya ba. In kuwa ba nawa ba ne, roƙona na biyu shi ne Shugaba ya taka da ƙafarsa zuwa gidan Malam ya faɗa masa, kamar yadda aka je aka faɗa masa na farkon. Na ukun, a kafa doka daga yau: duk wanda ya cire murfin salansa ya mayar, kuma duk wanda ya yi sabon aiki ya buga tasa alamar kusa da tsohuwar. Taimakon maganin Hajara kuwa zan yi daidai ƙarfina a matsayin maƙwabci, in sun yarda su karɓa, amma ba zan yi shi da sunan tara ba.

Shugaba, wannan hannun hagu na sha duka a kansa tun ina yaro. Mahaifiyata ta ɗaure shi da tsumma don in koyi ci da dama. Maigidan da ya koya mini walda ya shekara yana buge shi da filaya kafin ya haƙura. Ku ma shekara ashirin da ɗaya kuna kirana da shi, har wasu ba su san sunana na yanka ba. Ranar da aka zo yanke mini hukunci kaɗai kuka manta ni bahago ne.

Allah ya ba Hajara lafiya, ya sauke ta lafiya. Allah ya ƙara wa Shugaba girma da basira, ya sa ya gama da wannan kujera babu haƙƙin kowa a wuyansa.

Wassalam.

Naka a sana'a,
Isiyaku Bahago,
gindin dalbejiya, bayan igiya.